Dajin Kaluluwa Mai Kama Ƙoda: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Maganinsa

Gabatarwa

A wannan shafi na sashen kiwon lafiya mun kawo bayani ne game da wani nau'in ciwon daji da ba a cika samunsa ba, wanda likitoci ke kira limfomar ƙoda, wato dajin kaluluwa da ya kama ƙoda. Mun shirya bayanin domin amfanin mazauna karkara, da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da kuma hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi, waɗanda su ne jama'a kan fara tunkara idan ciwo ya gagari gida.

Dalilin da ya sa muka keɓe wa wannan cuta shafi, duk da ƙarancinta, shi ne tana cikin cututtukan daji da ake iya warkewa daga gare su, amma kuma tana saurin hallaka mutum idan aka yi jinkiri. Yawancin ƙarin da ke fitowa a ƙoda da tiyata ake maganinsa, a cire ƙodar ko wani sashe nata. Ita kuwa limfoma da magunguna ake narkar da ita, kuma sau da yawa ƙodar kan koma bakin aikinta. Abin da ke bambanta su shi ne ɗan tsokan da ake ɗauka da allura a duba a ɗakin gwaje-gwaje. Saboda haka sanin muhimmancin wannan gwaji, da kai majiyyaci inda ake yin sa cikin lokaci, da kuma kammala magani, su ne ginshiƙin abin da za mu bayyana.

Ƙoda da aikinta

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, waɗanda ke can cikin kwiɓi, dama da hagu na ƙashin baya, a ƙarƙashin haƙarƙari. Girman kowace ya kai kamar dunƙulen hannun mai ita, tsawonta a jikin babban mutum kuwa santimita 10 zuwa 12. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Waɗannan matatai suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su fitar da kimanin lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari, tare da dattin da jiki ba ya bukata.

Har ila yau, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwan jiki, tana taimakawa wajen daidaita hawan jini, tana kuma fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Mutum yana iya rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya. Wannan baiwa ce, amma ita ce kuma ke sa ciwo ya daɗe yana cin ƙoda ɗaya ba a farga ba, domin ɗayar tana rufa mata asiri.

Mece ce limfoma?

Ban da hanyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jiki masu ɗauke da wani farin ruwa, kuma a kansu akwai ƙananan ƙululai a wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ƙirji, da cikin ciki. Waɗannan ƙululai su ne ke kumbura idan mutum ya ji rauni a ƙafa ko ya yi ciwon maƙogwaro, mu ce ya yi kaluluwa. A cikinsu ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini ke zaune, waɗanda aikinsu shi ne kare jiki daga cututtuka. Saifa da ɓargo ma suna cikin wannan tsari na garkuwar jiki.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan fararen ƙwayoyi ta sami tangarɗa a cikin ƙwayar halittarta, sai ta shiga hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yanta su taru su zama ƙari. Wannan shi ne limfoma. Likitoci sun kasa ta gida biyu manya. Akwai limfomar Hodgkin, wadda aka sanya wa sunan likitan Ingila Thomas Hodgkin da ya bayyana ta a shekarar 1832, akwai kuma sauran nau'o'i masu yawa da ake kira waɗanda ba na Hodgkin ba. Kusan duk limfomar da ke kama ƙoda daga wannan rukuni na biyu take.

Kaluluwar rauni tana da zafi, kuma takan sace cikin mako ɗaya ko biyu. Ta limfoma kuwa yawanci ba ta da zafi, tana da tauri kamar roba, kuma ƙaruwa take yi.

Yadda cutar ke kama ƙoda

Ta hanya biyu limfoma ke samun ƙoda. Hanya ta farko, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, ita ce cutar ta fara a wani wuri, sa'an nan ta iso ƙoda ta cikin jini, ko kuma ta tsallako daga ƙululan da ke bayan ciki, kusa da ƙodar. Binciken gawarwakin waɗanda limfoma ta yi ajalinsu ya nuna cewa a kashi ɗaya cikin uku, ko fiye da haka, cutar ta taɓa ƙoda, ko da ba a gane ba suna raye.

Hanya ta biyu ita ce cutar ta fara a cikin ƙodar kanta, ba tare da an same ta a wani wuri ba. Wannan ita ce ainihin limfomar ƙoda, kuma ba ta kai kashi 1 cikin 100 na limfomar da ke farawa a wajen ƙululan kaluluwa ba. Dalilin ƙarancinta shi ne tsokar ƙoda ba mazaunin waɗannan fararen ƙwayoyi ba ce a al'ada. Likita ba ya tabbatar da ita sai ya bincika sauran jiki bai ga cutar a ko'ina ba.

A cikin ƙodar, cutar takan fito da siffofi daban-daban. Mafi yawa ita ce ƙululai da dama a ƙoda ɗaya ko duka biyun. Wani lokaci ƙari ɗaya ne tak, wanda a hoto ake iya ɗaukarsa dajin ƙoda na yau da kullum. Wani lokaci takan lulluɓe ƙodar ta waje, wani lokacin kuma ta ratsa cikinta gaba ɗaya, ƙodojin biyu su kumbura ba tare da wani ƙulli da ake gani ba.

Waɗanda cutar ta fi kamawa

A tsakanin manya, ta fi samun waɗanda suka manyanta, kuma maza sun ɗan fi mata. Nau'in da ya fi yawa a cikinsu shi ne mai manyan ƙwayoyi na rukunin B, wanda ke girma cikin makonni ko 'yan watanni. Haɗarin ya fi yawa ga waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau da ba sa shan magani, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suna shan maganin danne garkuwar jiki.

A tsakanin yara kuwa, abin da ya fi shafar ƙasarmu shi ne limfomar Burkitt. A shekarar 1958 ne wani likitan tiyata mai suna Denis Burkitt, wanda ke aiki a asibitin Mulago da ke Kampala ta ƙasar Yuganda, ya wallafa bayanin wani kumburin muƙamuƙi da yake gani a jikin yara, wanda sau da yawa yakan zo tare da ƙari a ƙoda da sauran kayan ciki. Daga baya an lura cewa cutar ta fi yawa a yankunan Afirka masu zafi da damshi, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma Nijeriya tana cikinsu. A shekarar 1964, masana uku a Landan, wato Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong, suka gano wata ƙwayar cuta a cikin tsokar irin wannan ƙari, wadda a yanzu ake kira Epstein-Barr. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya ba tare da ta cutar da su ba. Amma idan ta kama yaro tun yana ƙarami, ta haɗu da yawan zazzaɓin cizon sauro, sai haɗarin ya ƙaru.

Limfomar Burkitt ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza sun ninka mata kusan sau biyu. Tana cikin cututtukan daji mafiya saurin girma, domin ƙwayoyinta suna iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Nijeriya tana da tarihi wajen maganinta: Farfesa Victor Anomah Ngu, ɗan asalin ƙasar Kamaru, ya yi aikin jinyar yara masu wannan cuta da magunguna a Ibadan cikin shekarun 1960, kuma yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972 tare da Burkitt.

Muna jaddada cewa limfoma ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarta ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko jinya. Haka kuma ba sammu ba ce, ba jifa ba ce.

Alamomin cutar

Alamomin da suka shafi ƙoda sun haɗa da:

1. Ciwo a kwiɓi ko a gefen baya, wanda ba ya sauka.
2. Ƙulli ko kumburi a ciki da ake ji da hannu, musamman a jikin yaro lokacin wanka.
3. Fitsarin jini, ko fitsari mai launin ruwan shayi.
4. Raguwar fitsari, da kumburin ƙafafu da fuska.
5. Hawan jini da ya zo farat ɗaya, har ga yaro.
6. Tashin zuciya, da amai, da rashin cin abinci.

Alamomin da suka shafi jiki duka kuwa su ne zazzaɓi mai kai-komo da bai ji maganin cizon sauro ba, da zufar dare mai jiƙa tufafi da shimfiɗa, da rama wadda ta kai kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum cikin wata shida, da kasala, da kaluluwa marar zafi a wuya ko hammata ko matsematsi. A jikin yara a lura da kumburin muƙamuƙi ko kunci, da haƙoran da ke girgiɗi ba lokacin famfara ba, da fitowar ido, da raunin ƙafafu.

Idan fitsari ya ɗauke yini guda cur, ko numfashi ya yi wuya, ko hankali ya gushe, ko yaro ya kasa tsayawa da ƙafafunsa, to, a garzaya asibiti a wannan rana, ko da dare ne.

Cututtukan da ke kama da ita

Ya kamata jama'a su sani cewa mafi yawan masu waɗannan alamomi ba limfoma gare su ba. Fitsarin jini a ƙauyukanmu yawanci tsargiya ce, wadda ake ɗauka a kududdufai da madatsun ruwa, kuma tana da magani mai sauƙi. Tsakuwar ƙoda da sanyin mafitsara su ma suna kawo ciwon kwiɓi. Tarin fuka yana kawo zufar dare da rama da kaluluwa, har ma yakan kama ƙoda. Kumburin saifa saboda zazzaɓin cizon sauro yana sa cikin yaro ya fito.

Cikin cututtukan daji kuma akwai biyu da suka fi limfoma yawa a ƙoda. A jikin manya akwai dajin tsokar ƙoda, wanda babban maganinsa tiyata ne. A jikin yara 'yan ƙasa da shekara 5 akwai ƙarin Wilms, wanda ake haɗa masa magani da tiyata. Abin lura a nan shi ne, duk wanda aka ba maganin tsargiya, ko na cizon sauro, ko na tarin fuka, amma bai sami sauƙi a lokacin da ake tsammani ba, to, a mayar da shi asibiti domin a faɗaɗa bincike, kada a tsaya maimaita magani ɗaya.

Matakan bincike

Mataki na farko a ƙaramin asibiti ake yin sa. Ma'aikacin lafiya zai saurari tarihin ciwon, ya auna hawan jini da nauyi, ya shafa wuya da hammata da ciki, ya gwada fitsari da jini. Idan ya ji ƙulli a ciki, ko ya ga kaluluwar da ta wuce mako uku tana girma, wajibi ne ya rubuta takardar tura majiyyaci babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Mataki na biyu shi ne hoton ciki, wanda jama'a ke kira sikanin. Ba shi da zafi, ba shi da lahani, kuma ana samunsa a yawancin manyan asibitoci. Yana nuna girman ƙodoji, da ƙululan da ke cikinsu, da kuma ko hanyar fitsari ta toshe. Tare da shi ake gwajin jini na aikin ƙoda, wanda ke auna sinadarin kiriyatinin, da ƙidayar ƙwayoyin jini, da aikin hanta, da wani sinadari da ake kira LDH, wanda ke hawa idan ƙari yana saurin girma. Bayan wannan akan yi babban hoto na siti-sikan na ƙirji da ciki. Idan aikin ƙoda ya yi rauni, likita ne zai duba ko ya dace a yi amfani da ruwan allurar da ke haska hoton.

Mataki na uku, wanda shi ne mai yanke hukunci, shi ne ɗaukar tsoka, wato bayofsi. Hoto yana nuna akwai ƙari, amma ba ya faɗin ko wane iri ne. Idan akwai kaluluwa a wuya ko hammata, ita ake cirewa domin ta fi sauƙi. Idan babu, sai majiyyaci ya kwanta rub da ciki, a kashe zafin wurin da allura, likita ya bi hoton sikanin ya shigar da siririyar allura ya ɗauko tsoka kamar zare. Kafin a yi sai an tabbatar hawan jini ya sauka kuma jini yana daskarewa yadda ya kamata, bayan an gama kuma majiyyaci zai kwanta wasu sa'o'i ana lura da shi. Ƙwararren likitan gwajin tsoka zai duba ta da madubin likita, ya kuma rina ta da sinadarai na musamman domin gane nau'in ƙwayoyin. Ɗaya daga cikin alamomin da ake nema ana kiranta CD20, kuma samunta shi ke nuna ko wani muhimmin magani zai yi aiki.

Akwai wata magana da ta yaɗu a karkara, cewa daji ba ya son ƙarfe, wai idan allura ta taɓa shi sai ya bazu. Muna sanar da jama'a cewa ƙin wannan gwaji ya fi shi haɗari ƙwarai. Ba tare da shi ba, ana iya cire ƙodar da magani zai iya ceto, ko a ba mutum maganin da ba na cutarsa ba.

Mataki na huɗu shi ne gano iyakar inda cutar ta kai. Akan ɗauki ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu, akan kuma ɗauki ruwan ƙashin baya, domin limfomar da ta taɓa ƙoda ta fi saurin kaiwa ga ƙwaƙwalwa. Ana gwajin cutar ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da kuma hoton zuciya. Daga nan likitoci za su sanya cutar a mataki na 1 zuwa na 4. Kada jin mataki na 4 ya karya wa iyali gwiwa, domin a limfoma ana samun warkewa har a wannan mataki.

Asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da na Jami'ar Jos, suna da sassan gwajin tsoka da likitocin jini da na yara.

Abubuwan da za a guje wa kafin sakamako

Kada a sha ƙwayoyin nan na sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, wato deksametason da firednisolon da danginsu, sai da umarnin likita. Suna sa limfoma ta sace na 'yan kwanaki, iyali su zaci an warke, kuma suna ɓata sakamakon gwajin tsoka, daga baya cutar ta dawo da ƙarfinta. Kada a sha magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, domin suna ƙara raunana ƙoda. Kada a sha jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, ko masu yawan kanwa, domin ƙodar da ke ciwo ba ta iya fitar da su. Kada a yi wa kumburin sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, kada kuma a cire wa yaro haƙoran da ke girgiɗi a kan muƙamuƙin da ya kumbura. Addu'a da neman lafiya a asibiti ba sa karo da juna, sai a haɗa su.

Magani ga manya

Babban maganin limfoma shi ne magungunan kashe ƙwayoyin daji da ake sakawa ta jijiya, waɗanda ake kira kemo a taƙaice. Ga nau'in mai manyan ƙwayoyi, haɗin da aka fi sani shi ne R-CHOP, wanda ya ƙunshi magunguna biyar: rituksimab, da siklofosfamaid, da doksorubisin, da binkiristin, da firednisolon. Huɗun farko ta ƙarin ruwa ake ba da su, na biyar kuma ƙwaya ce da ake sha kwana 5. Ana maimaita wannan duk bayan kwana 21, yawanci sau 6, wato kimanin wata huɗu.

Rituksimab magani ne da ke bin ƙwayoyin da ke ɗauke da alamar CD20 ya maƙale musu. An amince da shi a Amurka a shekarar 1997, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna a 2015. Yana ƙara yawan masu warkewa, amma shi ne mafi tsada a cikin haɗin. Idan bai samu ba, likitoci kan ba da sauran huɗun, kuma hakan ya fi zama babu magani nesa. Mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B sai an haɗa masa da maganin kare hanta, domin cutar na iya farfaɗowa. Mai cutar ƙanjamau kuwa zai ci gaba da shan maganinsa tare da kemo. Saboda haɗarin ƙwaƙwalwa, likita na iya ƙara wani magani mai suna metotireksat.

Magani ga yara

Limfomar Burkitt tana jin magani ƙwarai, har ƙarin kan fara sacewa cikin 'yan kwanaki. Ana amfani da siklofosfamaid da binkiristin da metotireksat, tare da allurar magani cikin ruwan ƙashin baya, a zagaye-zagaye masu kusa da juna cikin 'yan watanni. Wannan saurin sacewa shi ne babban tarko. Iyaye da yawa kan ga fuskar yaro ta koma daidai bayan zagaye ɗaya ko biyu, sai su koma gida ba su dawo ba. Ƙwayoyin da suka rage kan sake tasowa, kuma a karo na biyu ba sa jin magani kamar da.

Makon farko da matsayin tiyata

Kwanakin farko na magani su ne mafiya haɗari ga ƙoda. Idan ƙwayoyin daji masu yawa suka mutu lokaci ɗaya, sukan zubar da sinadarai cikin jini, irin su fotashiyam da yurik asid, waɗanda ke iya toshe ƙoda ko su tsayar da zuciya. Shi ya sa ake kwantar da majiyyaci, a yi masa ƙarin ruwa mai yawa, a ba shi maganin alofurinol, a riƙa auna fitsarinsa da jininsa. Idan ƙari ya danne hanyar fitsari, akan sa siririn bututu ya buɗe ta. Idan ƙodoji sun tsaya, akan yi wankin ƙoda na ɗan lokaci, kuma a wannan cuta sau da yawa aikinsu kan dawo bayan magani ya fara ci. Cire ƙoda ba ya warkar da limfoma, domin ƙwayoyinta suna yawo cikin jini. Wanda aka riga aka cire masa ƙoda kafin a gane limfoma ce, har yanzu yana bukatar kemo.

Kula da majiyyaci a gida

Daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, garkuwar jiki takan sauka sosai. Kowane gida mai majiyyaci ya mallaki ma'aunin zafin jiki. Idan zafi ya kai digiri 38, ko sanyi ya kama shi yana makyarkyata, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya ba shi maganin zazzaɓi a gida a jira gari ya waye.

A ba shi tafasasshen ruwa da abinci mai zafi da aka dafa a gida, a guji ɗanyen nono da abincin da ya kwana. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi, ya kwana cikin gidan sauro, a nisanta shi da masu tari ko ƙyanda ko ƙarambau. Zubewar gashi da ciwon baki da tashin zuciya na ɗan lokaci ne, gashi yana dawowa. Doksorubisin yakan mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, binkiristin yana kawo taurin bayan gida da mutuwar yatsu, firednisolon kuma yana ɗaga sukari. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita tun farko, ma'aurata kuma su nemi shawara kan jinkirta haihuwa. Game da azumi, a nemi shawarar likita, domin addini ya yi wa majiyyaci rangwame.

Ana warkewa?

Ana warkewa da yardar Allah. Kimanin mutum 6 cikin 10 na masu nau'in mai manyan ƙwayoyi kan warke da R-CHOP, ko da yake idan cutar ta kama ƙoda, musamman duka biyun, adadin yakan ragu. A ƙasashe masu arziki kimanin yara 9 cikin 10 masu limfomar Burkitt suna rayuwa. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara yawanci ba su wuce rabi ba, kuma manyan dalilan su ne zuwa asibiti a makare, da yanke magani, da ƙarancin kayan jinya. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kai yawan yaran da ke tsira daga ciwon daji zuwa kashi 60 cikin 100 nan da 2030, kuma limfomar Burkitt da ƙarin Wilms suna cikin cututtuka shida da shirin ya fi mayar da hankali a kansu. Bayan kammala magani, a ci gaba da zuwa ganin likita, yawanci duk wata uku a shekara biyu na farko, domin a lokacin ne cutar ta fi dawowa.

Aikin shugabanni da jami'ai

Sau da yawa abin da ke yanke wa majiyyaci magani shi ne kuɗin mota, da masauki, da wanda zai kula da gona da sauran yara. A nan ne taimakon shugabanni ke da tasiri. Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa ido a kan duk yaron da fuskarsa ko cikinsa ya kumbura, su ƙarfafa wa iyayensa gwiwa su kai shi asibiti a wannan makon. Kwamitocin raya lafiya na mazaɓu su rubuta ranakun komawar majiyyaci, su tanadi mota, su kuma nemo masu ba da gudummawar jini tun kafin a bukata. Limamai da fastoci su wayar da kan jama'a cewa ba a ƙyamar mai wannan ciwo. Jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su bi sawun duk wanda suka tura, su tabbatar ya isa, su kuma taimaka wa iyalai su yi rajistar inshorar lafiya, wadda dokar tarayya ta 2022 ta wajabta. Iyali su adana takardun gwaji da hotuna cikin jaka ɗaya, su riƙa zuwa da ita kowane lokaci.

Babu allurar rigakafin limfoma, amma yaƙi da zazzaɓin cizon sauro kariya ce ga yara. A kwana cikin gidan sauro, a karɓi maganin rigakafi na damina da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59, a gwada jini a yi maganin zazzaɓi da wuri. Sanin matsayin mutum game da cutar ƙanjamau da shan maganinta a kan kari shi ma yana rage haɗarin.

Kammalawa

Duk ƙullin da aka ji a ciki, ko fitsarin jinin da bai ji maganin tsargiya ba, ko kaluluwar da ta ƙi sacewa, a kai asibiti da wuri. Idan likita ya nemi ɗaukar tsoka, a ba shi haɗin kai. Idan an fara magani, a kai shi ƙarshe ko da kumburi ya sace. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi jami'in lafiya na asibiti mafi kusa da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, amin.